Wane Gabas Kake Nufi?

Unguwar Uhudu, Madina.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Hamza,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya, jakarka ta fito tare da kai, kunnenka bai toshe a jirgi ba kamar yadda yake yi maka tun kana ƙarami. Na naɗe ta cikin sallayarka don na san ita za ka fara warwarewa. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da abokan aiki na kirki. Da gangan na rubuta da Hausa, ko da yake na san da Larabci za ka amsa mini. In ka ci karo da kalmar da ba ka gane ba, ka kira ni ka tambaya. Wannan ma yana cikin abin da nake so ka koya.

Zan fara da kuskurena mafi kusa. Ranar Talata ka shigo da gudu ka ce kamfanin ya ɗauke ka aikin awon ƙasa a babban wurin bautar Hindu da za a gina can gaɓar Khalij, wato Tekun Fasha. Ummanka ta soma guɗa kafin ta ji ƙarshen maganar, da ta ji sai ta haɗiye sauran. Ni kuwa na ce "To," na karɓi kwafin aƙadin, wato takardar yarjejeniyar aikin, na shige ɗaki. Kwana uku ban ba ka amsa ba. Ranar Juma'a muna dawowa daga Harami ka ce, "Abuya, za'alan?" Na ce ba fushi nake ba, na sake yin shiru. Na ga yadda kafaɗunka suka sauka. Wannan shirun laifina ne, ka yafe mini. Kai kuma in wani yana jiran amsarka, ko ba ka gama tunani ba, ka ce masa tunani kake, ka faɗa masa ranar da zai ji daga gare ka.

Gaskiyar magana, murna ce ta cika ni har ta ba ni tsoro. Ni da kai a shekara guda muka karɓi shahadar digiri: kai ta injiniya kana da ashirin da uku, ni ta Shari'a ta hanyar intisabi, wato karatu daga gida, ina da hamsin da ɗaya, bayan shekara ashirin da shida ina shaƙar siminti. Da ka shimfiɗa mini taswirar nan a kan tabarma, maginin da ke cikina ne ya fara tashi, ɗalibin fiƙihun yana baya yana jan rigarsa. Gini mai wannan girma, a ce bangonsa babu rodi ko ɗaya. Dutse a kan dutse, a sassaƙa kowanne can ƙasarsu, a rubuta masa lamba, a ɗoro shi a jirgin ruwa, ya zo ya shige cikin ɗan'uwansa kamar murfi da kwano. Ga farfajiya, ga babban ɗakin girki na ciyar da baƙi, ga masauki, ga hanyoyi da wurin ajiye motoci, ga magudanan ruwa a ƙasar da in ruwan sama ya sauko rana ɗaya sai ya rasa inda zai bi. Duk rayuwata bulo da kankare na sani. Na daɗe ina bin layukan nan da yatsa, har Ummanka ta leƙo ta ce, "Malam, kai za su ɗauka ko yaron?"

Amma wurin bautar da ba tamu ba ne, kuma akwai gumaka a tsakiyarsa. Shahadar da na karɓa wata biyu da suka wuce ba ta mai da ni mufti ba, don haka na je wa malamaina biyu. Na farko ya ce a bar aikin gaba ɗaya, shi ya fi kuɓuta. Na biyu ya tambaye ni abin da hannunka zai yi takamaimai. A ganinsa hanya da magudana da bututun ruwan sha abubuwa ne da ke kare lafiyar mutane ko su wane ne, ɗakin gumakan kuwa wani abu ne daban, kada hannun Musulmi ya shiga. Na juya maganganun biyu, na yi istihara, zuciyata ta tsaya a kan ta biyu, ina jin nauyin ta farko har yanzu. Allah ne masani.

To ga inda matsalar take. Na karanta aƙadin sau huɗu. Sakin layi na bakwai ya ce za ka yi awon "mauƙi'i" da duk abin da ya biyo bayansa. Kai ka ce mini mauƙi'i yana nufin filin waje, don ɗakin bautar yana hannun nasu masu ginin. Na tambaye ka wa ya faɗa maka, ka ce ai haka ake yi. Hamza, ba a rubuta haka ba. Kalmar tana iya ɗaukar filin waje kawai, tana iya ɗaukar komai har da layin tsakiyar ɗakin bautar. Ranar Lahadi za ka sa hannu. Kafin ka sa, ina so ka tambaya. Na san halinka, kunyar tambaya gare ka, kana ganin za a ce sabon muhandis, injiniya guda, bai san aiki ba. A wurina ka gado wannan, shi ya sa zan ba ka labarin sunan da kake ji ana kirana da shi a shagunan gindin dutsen Uhudu.

Kai ka taso kana jin "Sani Gabas" kana zaton don daga Najeriya na zo ne, ko da yake Najeriya tana yamma da nan. Ga asalinsa.

Shekarar da aka haife ka ina aiki a wata gonar dabino a Badr. Mai gonar, Ammu Bakur, ɗan ƙasa ne, kakanninsa daga Katsina suka taho da ƙafa aikin hajji suka zauna. Ya so a gina wa ma'aikatansa ƙaramin masallaci. Muhandis ɗan Masar ne ya zana, maginin kuma wani dattijo ne ɗan Damagaram, Baba Idi, wanda Larabcinsa bai wuce na gaisuwa da cefane ba. Ni ne a tsakaninsu, ina karanta taswira ina fassarawa. A kan taswirar an rubuta ƙofa a bangon "sharƙ". Na ce wa Baba Idi, "Ƙofa a gabas."

Ya tsaya da cokalin gininsa a hannu ya dube ni. Ya ce, "Gabas?"

Na ce, "Gabas."

Ya ce, "Ɗan nan, gabas gabas?"

A lokacin an riga an aiko mini cewa Ummanka tana naƙuda, mota tana jirana a bakin hanya. Na ce, "Haba Baba, gabas nawa ne a duniya?" Na ɗauki jakata na tafi.

Kai da ka tashi a Madina ba lallai ka ga ramin da na faɗa ba. A ƙasarmu alƙibla tana wajen fitowar rana, don haka Bahaushe in ya ce gabas, sau da yawa alƙibla yake nufi. Ya dubi gabas, wato ya yi salla. A nan kuwa alƙibla kudu take, a Badr ma kudu ce ta ɗan karkata kaɗan. Baba Idi ya yi shekara talatin a Hijaz, amma a bakinsa inda goshi yake fuskanta shi ne gabas, wajen fitowar rana kuma sai ya ce mafitar rana. Ni da na yi makaranta na ɗauka kowa kamfas yake bi.

Kwana tara na yi a Madina, ba sati biyu ba kamar yadda Ummanka take faɗa: bakwai zuwa suna, biyu na sallamar baƙi. Na koma Badr da ragowar naman suna a leda, na tarar gini ya kai linta. Bango ya miƙe, kusurwa ta fita, aiki kamar a lasa. Ga mihirabi a tsakiya, ga kuma ƙatuwar ƙofa mai ganye biyu daf da shi, a bangon alƙibla. Duk wanda ya makara sai ya shigo ta gaban liman, ya yi ido huɗu da sahun farko.

Ammu Bakur ya zagaya ginin yana riƙe da carbi, ya ce da Hausarsa mai gauraye, "Ya Sani, wannan masjid ne ko mahaɗɗa, tashar mota? Mai shiga ya gaisa da jama'a kullahum tukuna?"

Baba Idi ya ce, "Ni ma na yi mamaki. Sai na ce wataƙila sabon ilimin muhandisai ne, liman ya sallame ya fice kafin a tare shi da tambaya."

Aka yi dariya, ban da ni. Ka riƙe wannan: in tsohon ma'aikaci ya maimaita maka tambaya, ba kurma ba ne, maganarka ce take da baki biyu. Ka ajiye abin da ke hannunka, ku taka zuwa wurin tare, ka nuna da hannu, ka kafa turke. Inda za ka, mutane za su haɗu da harsuna biyar ko fiye, kowa yana jin ya gane. Kuma su gabas ɗinsu ba na wasa ba ne. Yadda ka nuna mini, ƙofar ɗakin bautarsu mafitar rana take kallo, daga wannan layin ake auna sauran gine-ginen, har hanyarka da magudanarka da shi za su daidaita. In wani ya ce maka gabas, ka tambaye shi na kamfas, ko na taswira, ko inda rana take fitowa a wata rana da suka zaɓa, don ukun ba lallai su haɗu ba. Ka sa a rubuta amsar.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, kuma ban taɓa faɗa wa kowa a gidan nan ba. Da muhandis ya iso ya ga ƙofar, sai ya juya kan Baba Idi da faɗa. Ya ce tsoho ne, ba ya karanta taswira, ya ɓata aiki. Ni ne mai fassara. Na tsaya a tsakiya ina juya faɗan zuwa Hausa, ina ɗan rage masa zafi, ina jin kamar alheri nake yi. Da Baba Idi ya ce, "Faɗa masa na tambaye ka sau biyu," sai na juya na ce wa muhandis, "Ya ce a yi haƙuri." Hamza, da bakina na yi wannan.

Kwana biyu muka yi muna fasa bangon. Baba Idi yana cire bulo ɗaya ɗaya yana kankare simintin don a sake amfani da su. A rana ta uku muna cin gurasar tamis da waken ful a inuwar dabino, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Larabcina kaɗan ne, amma na san maganata ta fi abin da ka faɗa tsawo."

Na ajiye abincin. Da la'asar na sami muhandis na gaya masa gaskiya a gaban Ammu Bakur. Ya yi mini faɗan da ya fi na Baba Idi, wannan karon babu mai fassarawa ya rage. Ammu Bakur ne ya rufe maganar, ya ce, "Khalas, daga yau sunanka Sani Gabas." Baba Idi ya rasu shekara shida bayan haka, yana kwance a makabartar Baƙi'a. Ya yafe mini tun a ranar, amma kwana ukun nan ba su bar ni ba.

Za ka yi kuskuren awo, babu mai awon da bai yi ba. Ranar da ka gano, a ranar za ka faɗa, da sunanka. A irin ginin da za ka je, ana sassaƙa dutse a wata ƙasa bisa lambobin da aka aika daga fili. Ko a shimfiɗar farfajiya ne, in ka ɓoye tazarar yatsa biyu, wani bawan Allah zai yi watanni yana sassaƙa abin da ba zai zauna ba, kuma shi za a fara zargi don ba ya nan balle ya kare kansa. Kuma in aka sa ka fassara tsakanin babba da ƙarami, ka isar da maganar ƙaramin da tsawonta.

Na uku kuma ya shafi mutanen da za ka zauna da su. Bayan Badr na yi aiki a Yanbu tare da wani mai shimfiɗa tayil, Mohan, Bahinde. Hannunsa ya fi na kowa tsabta, in ya gama ɗaki sai ka rasa inda ya fara. Bayan babbar salla na koma da dambun naman shanu da Ummanka ta yi. Lokacin cin abinci na bi kowa ina zuba masa. Mohan ya rufe kwanonsa da hannu yana murmushi yana girgiza kai. Na ɗauka kara ce irin tamu, wadda sai an matsa wa mutum. Na ture hannunsa na zuba masa a kan shinkafa, har ina cewa, "Kul, ya sadiƙ, ci abokina, wannan daga Madina." Ya dubi kwanon, ya yi godiya, ya rufe shi, ya tashi. Ranar nan da ruwa kawai ya yi aiki har magariba. Wani ɗan Sudan ne ya ja ni gefe ya ce, "Ya zol, wata nawa kana aiki da Hindu ba ka san ba ya cin wannan ba?"

Washegari na je ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya san da zuciya ɗaya na yi. Sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa muke tafiya masallaci ranar Juma'a, don yana so ya riƙa tsara aikinsa yadda simintin da na kwaɓa ba zai bushe ina salla ba. Wata biyar muna tare shi yana lura da iyakata, ni ban taɓa tambayar tasa ba.

Don haka ka tambayi mutanen nan abin da ba a shiga da shi filinsu, da inda ake cire takalmi, da abin da ba a taɓawa. Ba shiga addininsu ka yi ba don ka kiyaye wannan, ladabin baƙo ne. Ummanka ta cusa maka dambun nama a gwangwanin madara, yana ƙasan jaka gefen hagu, na gani. Ka ci shi a masaukinka, kada ya je fili. Kuma kamar yadda za ka tambayi iyakarsu, ka faɗi taka tun ranar farko, fuska a sake, ba tare da wa'azi ba: lokutan sallarka, da cewa in suna bikin aza dutse ko wata hidimar bauta za ka koma gefe, da cewa hannunka ba zai shiga ɗakin gumaka ba. Mutanen da suka ɗauko dutse daga wata ƙasa saboda ƙa'idar addininsu ba za su kasa gane mai ƙa'ida ba. Wanda yake ba su wahala shi ne wanda ya yi shiru wata shida sannan rana ɗaya ya ƙi aiki.

Yanzu ga abin da nake so ka yi ranar Lahadi. Ka je da taswirar a hannunka. Ka buɗe ta a kan teburin wanda zai ba ka alƙalami, ka ɗora yatsa a sakin layi na bakwai na aƙadin, ka ce, "Wane mauƙi'i kuke nufi?" In ya ce ai a fili yake, ka sake tambaya kamar Baba Idi. Ka roƙe shi ya zagaye maka da jan biro inda aikinka ya tsaya, a rubuta a gefe, ku sa hannu ku biyu. In da'irar ta tsaya a hanyoyi da magudana da farfajiyar waje da masaukin baƙi, ka sa hannu da bismilla, na yarda, na sa maka albarka, kuma ina so ka yi aikin da ko bayan shekara hamsin ruwa ba zai kwanta a wurin ba. In kuwa suka ce sai har da ɗakin bautar, ka yi musu godiya da kyau, ka naɗe taswirarsu ka miƙa musu, ka dawo. Ba za a ce ka gaza ba. Katifarka tana nan, ƙanwarka Ruƙayya ta riga ta sa ido a kan ɗakin amma na ce ta dakata sai mun ji daga gare ka.

Ina kyautata zaton za su yarda, har na fara shirya tambayoyina. Ina so ka gano mini yadda suke ɗaure dutse da dutse a kusurwa, da abin da suke zubawa a harsashi tunda ƙasar wurin yashi ce, da yadda suke gane dutse mai tsaga a ciki kafin a ɗora shi. Ka ɗauko mini hoto in an yarda a ɗauka. In ba a yarda ba ka zana mini a takarda.

Abu na ƙarshe. Na duba sau biyu, na kuma tambayi wani abokin karatuna da ya zauna a can: a garin da za ka, alƙibla tana yamma, ta ɗan karkata kudu. A Kano gabas muke kallo, a Madina kudu, kai kuma za ka juya wa mafitar rana baya. Kada ka dogara da jikinka, ya saba da Uhudu a bayansa. Ka duba mihirabin masallacin unguwa tun ranar da ka sauka. Ummanka za ta kira ka, kuma na san abin da za ta ce, don shi take ce mini shekara ashirin da biyar: "Ka dubi gabas ka yi mana addu'a." Ita kada ka tambaye ta wane gabas. Ka ce to, ka shimfiɗa wannan sallayar, ka fuskanci yamma.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare maka addininka da amanarka, Ya daidaita awonka, Ya buɗe bakinka a inda ya kamata ka yi tambaya. Ya dawo mana da kai cikin aminci, ko ranar Litinin ko bayan an gama aikin. Ummanka da Ruƙayya suna gaishe ka. Ka kira ni ranar Lahadi da zarar ka fito daga ofishin, wayata tana aljihun gaba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka,
Sani Gabas